Zanin Auren da Ya Raka Gawa

Wening tana tsugune gaban tukunyar kaki lokacin da aka zo wucewa da gawar Mbah Karto, tsohon nan mai keken haya da ya rasu ba ɗa ba jika. Ta miƙe tare da sauran matan rumfar batik, inda ake yi wa zannuwa ado da kaki, ta gyara mayafi, bakinta yana motsi da addu'a. Sai idonta ya sauka a kan zanin da aka lulluɓe makarar da shi.

Ta katse addu'ar.

Ko a cikin dubu aka ɓoye zanin nan za ta fitar da shi. Ita ta zana shi da narkakken kaki, ɗigo bayan ɗigo, tun farkon damina. Ga ma 'yar tsuntsuwar da ta ƙirƙira a gefe don ta rufe inda kaki ya ɗiga mata. Zanin aurenta ne yake tafiya maƙabarta a kafaɗun maza.

Wanda ke gaba ta hannun dama kuwa, hannuwansa shuɗi da baba har gwiwa, Jatmiko ne, angon da ake jira wata mai kamawa.

Bai ɗago ya dubi rumfar ba.

Duk ƙauyen nan na kudu da birnin Yogya babu wanda bai san Jatmiko ba. Da safe marini ne a marinar da ya gada a bakin rafi, da yamma kuma mai zanen hotuna, kuma hannunsa yana da kyau har masu shaguna daga birni suna hawo babura su zo nemansa. Ba ya sayarwa. Kowace Juma'a bayan an sauko, sai ya rataye abin da ya zana a shingen gorar gidansa, duk wanda hoto ya yi wa magana ya cire ya tafi da shi. Cewa yake hannun aro aka ba shi, kuma ba a cinikin kayan aro. Mai shayi yana da hotonsa, ungozoma tana da biyu, har mai gadin makaranta ya toshe ɓular bangonsa da ɗaya. Mutane suna son irin Jatmiko ƙwarai, tunda ba su ne za su ɗora tukunya a gidansa ba.

A jikin shingen nan Wening ta fara sonsa. Ta ga ya bi wata tsohuwa da gudu ya ɗora mata hoton shinkafa a gona a kan kwandonta, don kawai ta tsaya ta daɗe tana kallonsa. Ranar ta koma gida tana murmushi ita kaɗai kamar sabuwar mahaukaciya.

Mahaifinta, Pak Harjo, mai sayar da zannuwa a kasuwar birni, ya yi tsalle ya dire. Ya ce mutumin da ya kasa riƙe hoto ɗaya daga Juma'a zuwa Juma'a, ta ina zai riƙe mace? Wening ta yi kuka, ta bar cin abinci, ta haɗa shi da yayyensa mata, har dai tsohon ya gaji ya sa rana yana girgiza kai.

Daga nan ta zauna aikin sidomukti, tagwayen zanin da ango da amarya ke ɗaurawa ranar biki. Zane ɗaya ne, rini ɗaya, daga tukunya ɗaya, kada launin wani ya fi na wani ko da ƙiris. Ta yi azumi kafin ta fara, kamar yadda kakarta ta yi. Idanunta sun yi ja, bayanta ya ƙage, yatsunta duk tabon kaki. Da ta gama, tunda mata ke zane maza ke rini, sai ta kai wa Jatmiko da hannunta ya tsoma su a baba da ruwan ɓawon itace.

Bayan an dawo daga maƙabarta ta same shi a bakin rafi yana wanke ƙafa. Da ya gan ta fuskarsa ta washe, wai shi a dole ya zo mata da labari mai daɗi.

"Dik Wening, kin ga yadda Mbah ya tafi? Kamar wani basarake."

"Mas, yayana... zanin wa ke kan makarar nan?"

"Nawa ne, ƙanwata. Naki yana ɗaki a ninke, ko ƙuda bai sauka a kansa ba."

Ta tsaya tana dubansa. Ba ƙarya yake yi ba, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ya shiga yi mata bayani a natse, yadda masu wanka suka binciki ɗakin tsohon ba su sami komai ba sai tsummokara, yadda aka zo masa ana cewa za a fita da bawan Allah a buɗe kamar buhun rogo, shi kuma ga zani a kan igiya ya bushe, sabo fil. Ya ce tsohon nan ya ɗauki rabin garin nan a kekensa, ita kanta ya sha kai ta makaranta tana ƙarama.

"A zanin aure babu nawa babu naki," ta ce. "Ka san haka. Kai marini ne, ɗan marini."

"An dawo da shi ai. Zan wanke, in yi masa turare..."

"Ka ɗaura zanin da ya rufe gawa ka zauna kusa da ni ranar aurena? Wace uwa ce a garin nan za ta bari?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, a hankali, zai yi wuya ya iya cewa a'a ga mamaci.

"Ni fa, Mas? Ni mai rai?"

Ta juya ta hau gangare tana share ido da bakin mayafi.

Washegari sai ga Gendis a rumfa, ta sha hoda da turare. 'Yar mai shagon hotuna ce a birni, ta daɗe tana zarya marinar da sunan neman wa ubanta kaya, alhali kowa ya san kayan da take nema yana da ƙafa biyu. Ta zauna kusa da Wening tana tsotsar baki, wai ta zo jaje. Ta ajiye mata wata leda, a ciki akwai zani biyu na bugun inji, irin wanda ake sayar wa baƙi a tasha.

"Ki yi maleji da wannan, ƙawata. Daga nesa ba mai ganewa."

Wening ba ta taɓa ledar ba. Bayan tafiyarta ne Bu Tinah, mai wankan gawa, ta matso tana raɗa, ta ce ita fa ba ta son munafunci. Jiya gidan su Gendis na ƙauye masu wanka suka fara zuwa neman zani, tunda akwatunansu cike suke. Yarinyar ce ta ce musu makulli ya ɓata, amma su je marina yanzu-yanzu, ta ga sabon zani a kan igiya, kuma mai shi bai iya hana kowa komai ba.

Matan rumfar suka ɗauki salati, kowa tana tsine wa Gendis. Wening ta yi tsammanin za ta ji sanyi, tunda an sami wanda za a ɗora wa laifi. Ba ta ji ba. Gendis ƙofa kawai ta nuna, wanda ya buɗe daban ne.

Garin kuwa ya ɗauki Jatmiko ya ɗora a ka. Liman ya yi misali da shi bayan sallar Magariba. Mai shayi ya hana shi biyan kuɗin shayi. Duk inda Wening ta bi sai a tare ta ana cewa ta yi dace, irin mijin nan sai an tona. Wata ma cewa ta yi ai ladan nata ne, tunda ita ta zana. Babu wanda ya tambaye ta ko ta yi niyyar bayarwa. Haka ake yi wa mutum sadaka da guminsa, a kuma sa ran ya yi godiya.

Pak Harjo bai ce "na gaya miki" ba, da ma ya faɗa da ya fi sauƙi. Ya zauna a baranda yana juya kofin shayi, ya kira ta da sunan da yake kiranta tun tana goye.

"Nduk, zani ba komai ba ne, ana iya ɗaga biki ki zana wani. Uwarki ma za ta taya ki. Amma yau zani ne. Gobe shinkafar 'ya'yanki ce, jibi katifar da kike kwance a kai, kuma duk gari za su ce waliyyi kike aure, ke ce mai baƙin hali."

Ya kurɓi shayi, sannan ya ce Wibowo, malamin makarantar nan da ya taɓa aiko da iyayensa, har yanzu bai yi aure ba. Ya ce ba tilasta ta yake ba, faɗa kawai ya yi.

Ba ta son Wibowo. Jatmiko take so, da shuɗin hannunsa da dariyarsa da wautarsa duka, son da har ciwo yake yi mata a ƙirji. Ta riga ta yafe zanin a zuciyarta. Za ta sake yin azumi, ta sake ƙona yatsu, ba komai. Abu ɗaya take son ta sani kafin ta kunna wutar kaki: ko akwai wani abu a duniya da mutumin nan zai rungume ya ce wannan kam ba na bayarwa.

Da hantsi ta sauka marina. Jatmiko yana juya zare a tukunya, ya rame, idanunsa sun faɗa. Ganinta ya saki sandar.

"Dik... hasken idona. Na zaci ba za ki sake zuwa ba."

"Baba ya yi mini maganar Wibowo."

Ta ga yadda maganar ta soke shi. Ya dafa bakin tukunya, jijiyar wuyansa ta miƙe. A ranta tana roƙonsa ya yi fushi, ya fasa tukunyar nan, ya je ya tsaya ƙofar gidansu ya ɗaga murya ko da za a ce ba shi da kunya.

"Wibowo mutumin kirki ne," ya ce da ƙyar. "Yana da albashi, yana da gidan bulo. Ba zai sa ki kuka kamar yadda na sa ki ba."

"Ba shi na tambaye ka ba. Me ka ce kai?"

Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

"Ina sonki fiye da raina, Dik. Amma in za ki fi jin daɗi a can... wane ni in riƙe ki?"

Wening ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ko ciniki ba ka yi ba, Mas."

"Ba haka nake nufi ba..."

"Na san abin da kake nufi. Kai mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Allah ya ƙara maka lada."

Ta juya. A hankali ta hau gangaren, ta tsaya gyara takalmin da bai kwance ba, ta sake tsayawa a gindin bishiyar kwakwa kamar mai duba wani abu a ƙasa. Kunnenta duk yana baya. Har ta isa ƙofar gida ba ta ji takun kowa ba.

Kwana kaɗan bayan haka kawunta ya mayar da kayan baiko gidan su Jatmiko, a cikin tirensu yadda aka kawo su: riga, takalmi, turare da mayafin alharini mai ruwan hoda da ta yi ta ajiya ba ta taɓa yafawa ba. An ce ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya shiga ɗaki ya rufe, har la'asar ana jin kukansa.

Ranar kasuwa Wening ta je sayen kaki. A bakin rumfar mai suyar ayaba ta ci karo da 'yar matar, budurwa sabuwar tashi, tana ta juyi a gaban ƙawayenta da mayafin alharini mai ruwan hoda.

"Mbak Wening, yayata, duba! Mas Jatmiko ne ya ba ni, haka kawai, ko roƙo ban yi ba. Ya yi mini kyau?"

Wening ta miƙa hannu ta gyara mata gefen da ya karkace.

"Ya yi miki kyau," ta ce.