Rigar Malam Bala

An fasa auren Nusaiba Bala da Lukman, ɗan wasan barkwancin nan da aka fi sani da Ɗantani. Ranar Asabar da hantsi aka ɗora akwatunan lefe a bayan motar albasa daga Mandera, garinsu amarya, aka sauke su a ƙofar gidan mahaifiyarsa a Bodinga. Ba iyaye ne suka raba su ba. Amaryar ce da kanta ta rufe akwatunan, ta ɗaure su da igiya.

Su biyun taubasai ne. Hajjo, uwar Lukman, ƙanwa ce ga Malam Bala, mahaifin Nusaiba, dillalin albasa a kasuwar Shagari. Da uban Lukman ya rasu, kawun ne ya ɗauke shi ya riƙe har ya gama sakandare. Tun suna yara yake tsokanarta tana ramawa, manya na cewa a bar su, wasan taubasai ne. Ba wanda ya lura da ranar da wasan ya koma so.

A talabijin Lukman ya yi suna. Wata tasha a Sakkwato tana nuna wasan dariya mako-mako, shi kuma yana fitowa a matsayin Ɗantani, maigadin da ɓarayi kan tayar daga barci su tambaye shi hanya. Duk ranar da za a nuna, shagon cajin waya na Mandera kan cika har waje. Nusaiba kan tsaya daga nesa da ƙawayenta, tana jin ana dariya, tana jin kamar ita ake yabo.

Sai ya ce talabijin ta yi masa kaɗan, ya tafi Kano yin fim.

Fim na farko ya fito ya wuce ba a san an yi shi ba. A na biyu, 'yan kallo suka riƙa fita daga silima kafin a kai rabi. Bayan na uku, wani mai sharhi a rediyo ya ce barkwancin Ɗantani kamar yaji ne: a kan tsire da daɗi, amma ba mai cika kwano da shi ya zauna ci. Nusaiba ta kalli duka ukun har ƙarshe a wayarta. Duk sanda ya kira ya ce, "Nusai, ya kinka gani?" sai ta ce ya yi kyau. Ya san ba gaskiya ba ne, ita ma ta san ya sani.

Da daminar bara Malam Bala ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Lukman ya bar Kano ya dawo. Shi ke yi masa wanka, shi ke ba shi koko da cokali yana goge abin da ya zubo ta gefen baki, shi ya riƙe shi ta hammata har ya sake koyon tafiya. A waɗannan makonnin ne Nusaiba ta gaya wa mahaifiyarta Zulai cewa in ba Lukman ba, ba ta son kowa. Aka sa rana bayan cirar albasa.

Tsohon ya tashi, amma ba duka ba. Bakin ya karkace, ƙafar tana ja. In mai saye ya taya buhu ƙasa da daraja, kalmar "albarka" kan maƙale masa, sai ya yi ta "al... al...", ya bugi cinyarsa da hannun dama, sannan ta fito. Ya koma kasuwa a haka. Mutane kan sunkuyar da kai su jira shi ya gama.

Da Lukman zai koma Kano don fim na huɗu, ya roƙi Nusaiba ta nemo masa tsohuwar rigar kawu, ya ce yana neman albarkar da ke jikinta. Malam Bala ya ji daɗi. Bai ba da ta ƙasan akwati ba. Ya cire wadda yake zuwa kasuwa da ita, shuɗiya, mai faci a kafaɗa inda buhu ya cinye. Nusaiba ce ta yi facin, da farin zare, don shuɗi ya ƙare mata a ranar. Ita ta wanke rigar, ta goge da dutsen guga na gawayi, ta turara ta, ta miƙa masa a zaure.

Fim ɗin ya fito bayan ƙaramar Salla, ya bi sahun 'yan'uwansa. Amma wani ya yanko ɗan guntu daga ciki ya sa a waya, guntun ya bazu.

A gidan biki a Danchadi ta fara ganinsa. Mata sun kewaye waya suna dariya har da hawaye, wata da ba ta san ta ba ta miƙo mata. Wani dillali ne cikin shuɗiyar riga, yana jan ƙafa, baki a karkace, yana "al... al..." yana bugun cinya, har ya kife cikin buhun albasa. Nusaiba ba ta kalli fuskar ba. Farin zaren ta kalla.

A Shagari ba a buƙaci bayani ba. Kowa ya san rigar. Samari suka gano wani sabon wasa. Sai ɗaya ya zo kamar mai saye, ya taya buhu da kuɗin da ko kwando ba zai saya ba, sauran suna gefe da wayoyi a ɗage, suna jiran "albarka". Malam Bala ya riƙa dawowa gida yana cewa kasuwa ta lalace, yaran yanzu ba su san farashi ba. Nusaiba tana zuba masa ruwan alwala, tana ɓoye masa abin da ta gani.

A ranar kasuwa ta gaba wani ya nuna masa. Waɗanda ke wurin sun ce ya kalla har ƙarshe, ya mayar da wayar da hannu biyu, ya ce, "Wagga rigata ta." Ya tashi ya nemi mota. Tun ranar bai sake zuwa kasuwa ba.

Lukman ya zo ranar Juma'a bayan masallaci. Bai shiga gaida kawunsa ba. A zaure ya tsaya, ya aika a kira ta.

"Nusai... wasa na fa. Kin san sana'ata."

"Ni at taubashiyarka, Yaya Lukman. Ba Baba ba."

Ya yi magana mai tsawo. Ya ce darakta ya gaya masa in wannan ma ya faɗi, shi ke nan, ba mai sake kiransa. Ya ce a wurin ɗauka ya yi duk abin da aka rubuta, ko mai riƙe fitila bai yi murmushi ba. Sai kawai jikinsa ya yi tafiyar kawu, kowa ya faɗi ƙasa don dariya. Ya ce ita ba za ta gane ba, tun da ya bar talabijin bai sake jin irin wannan ƙarar dariya ba.

"Sadda kake mai wanka," in ji ta, "kallonai kakai?"

Can ya ce shi ma bai sani ba, idonsa ne haka, duk abin da ya gani sai ya ajiye.

Har a lokacin tana sonsa, kuma ta faɗa masa. Ta ce abu ɗaya take nema: ya kawo rigar, ya shiga ya durƙusa gaban tsohon ya miƙa masa da hannunsa. In ya yi haka, ranar da aka sa tana nan.

Lukman ya duƙar da kai, ya ce rigar ba za ta samu yanzu ba. An fara sabon fim, na dillalin kaɗai daga farko har ƙarshe, kuma an ɗauki rabi. A aikinsu, in ka fara fitowa da riga, da ita za ka gama. In aka sauya, 'yan kallo za su gane, balle wannan mai faci da kowa ya riga ya sani. Ya ce ta ba shi wata ɗaya. Ya ce zai ɗinka wa kawu sabuwar shadda, wadda ta fi waccan.

Nusaiba ta dube shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Sannan ta ce ya gaida Gwaggo, ta shige gida.

Hajjo ta zo da yamma daga Bodinga tana kuka, tana cewa ɗiyata, kada a yanke zumunci saboda shirmen yaro. Malam Bala ya saurari ƙanwarsa. Maganar ta ɗauke shi lokaci, amma ya gama ta: ya riga ya ba Lukman ɗiyarsa, kuma shi ba ya magana biyu, in Nusaiba tana so, a ɗaura. Bai ambaci fim ba, bai ambaci riga ba.

Da ya tsawata, da ta sami abin jingina. Ya bar mata zaɓin ita kaɗai. Ta shiga ɗaki ta fito da atamfofin lefen ɗaya bayan ɗaya, ta ninke, ta mayar cikin akwatunan. Zulai ta ce har ta gama ɗaurin igiya ba ta ga hawaye a idonta ba.

Hajjo ta ƙi yarda a shigar da akwatunan ciki. Suna jere a zaurenta, ta ce na Nusaiba ne ko ba jima ko ba daɗe. Lukman yana kira kullum, wayar tana ringi har ta katse. A makon nan aka saki hoton tallan sabon fim ɗin, farin zaren ya fito sarai a kafaɗa.

Sau ɗaya Malam Bala ya tambaya, ranar Juma'a, yana shirin masallaci, ko Lukman ya aiko da saƙo. Nusaiba ta ce tukuna.

Rigar tana Kano har yau.