Maganin Mura a Kwalin Tsaraba

Sau goma sha ɗaya ke nan Hidaya tana maimaita bidiyon, hawaye na ɗiga kan wayar.

Mashud ne, ɗan ƙwallon kwandon da ta shekara biyu tana jira, tsaye cikin baƙar kwat gaban 'yan jaridar Japan. Dogon nan da sai ya duƙa yake shiga bas ɗin unguwarsu ta Park Hill a New York ya sunkuya har kusan gwiwa, yana ba ƙasa guda haƙuri.

Wai an kama ƙwaya a kwalin da aka aiko masa daga New York.

Ita ta haɗa kwalin. Ta ji muryarsa a shaƙe a waya, mai soyayya kuwa ina ruwanta da karanta takardar magani! Ta sa yaji, ta sa shito, wato soyayyen barkono, ta cusa maganin murar da ake saye a kantunan unguwar Stapleton da ke kusa da su. Ashe a dokar can, abin da ke cikinsa haramtacce ne.

Mutanen can ba sa wasa da zancen ƙwaya, balle ga baƙo. Kulob ya kore shi, aka sauke hotunansa. Bai ambaci sunanta ba, bai kuma sake kiranta ba. Wata uku ke nan da dawowarsa, kewarsa ta hana ta ko cin abincin kirki.

"Ɗan ƙwaya ba zai auri 'yata ba!" in ji Abba.

Sadick, ɗan aminin Abba, wanda ya yaɗa bidiyon a waya, tuni ya fara zarya da gaisuwa.

Ranar da aka ce manyan Sadick za su zo neman aurenta, Hidaya ta durƙusa gaban Abba.

"Abba... ni ce. Ni na aika maganin."

"Ke? Yaron ya sani?"

"Rubutun hannuna ne a jikin kwalin."

Abba ya jawo hularsa. "Tashi mu je."

Suka tarar da Mashud yana sauke buhunan shinkafa a shagon yayarsa a unguwar Tompkinsville. Ya rame. Zuciyarta ta karye.

"Me ya sa ka rufe bakinka?" Abba ya tambaya.

"Alhaji, in na faɗi sunanta, hotonta za su sa a news. Ni na saba da kyamara."

"Ni fa?" Hidaya ta fashe da kuka. "Ko kira ɗaya, Mashud!"

"Sanyin idona... da wane suna zan kira ki? Nawa ya ɓaci."

Kunya ta kama Abba. Dattijon ya fara sunkuyar da kai zai nemi gafara, Mashud ya yi wuf ya riƙe kafaɗunsa.

"A'a, Alhaji, don Allah! Sunkuyawar da na yi a Japan ta ishe mu gaba ɗaya."

Abba ya share ido da bakin rigarsa.

"Ka turo manyanka gobe. Ke kuma, ko atishawa ya yi, ruwan zafi kawai za ki ba shi!"