Soson Akwatin Kifi

A wani gari can, an yi wata yarinya mai son tsabta, tana kiwon jan kifi a akwatin gilashi. Ran nan ta ciro soson da ke tace ruwan, ta ga ya yi baƙi, sai ta ɗauko sabulu.

Kawunta ya ce, "Dakata, 'yata. Akwai ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani, su ke cinye dattin ruwan. In sabulu ya kashe su, kifinki zai bi su."

Ta dubi soson, ta dubi sabulun, ta dubi kifin. Can ta ɗebi ruwan akwatin a kwano, ta matse soson a hankali, ta mayar.

"Kawu, bai yi fari ba."

"Kifin fa?"

Ta leƙa, ta gan shi yana iyo abinsa.