Gungumen da ke Tari

Rana ta sunkuya bayan dutsin nan na Dogon Dutsi, awaki suna shigowa gida da kansu. Mariama ta ɗora tukunyar tuwo, ta tura icce a murhu, wuta ta kama. Mijinta Abdussalamu, mai shago a bakin kwalta, yana alwala a gindin randa. A nan ne dutse na farko ya faɗo a kan kwanon ɗaki, kwaram!

Ya ce yaran unguwa ne. Ya leƙa waje, ko kare babu. Yana dawowa wani ya faɗo a tsakar gida, a miƙe daga sama, kamar an sako shi da hannu. Ya duƙa ya ɗauka, ya yar da sauri. Dutsen da zafi, sai ka ce daga toka aka zaro shi.

Hidaya, ɗiyarsu guda ɗaya tak, tana tsaye kusa da tarin iccen da ke jikin katanga, ta karkata kai tana saurare.

"Baba, wa ke tari cikin iccenmu?"

Iccen nan kuwa na tsamiya ne. Tsohuwar tsamiya ce a bayan gidan, ta girmi unguwar, ta fara jinginowa kan sabon ɗakin da Abdussalamu ya gina. Kuma a faɗi gaskiya, Abdussalamu bai yi aikin ganganci ba. Ya je wurin ma'aikatan gandun daji ya karɓi izini. Ya bi maƙwabta gida-gida. Ranar saran ya sa aka fara sauke rassa, aka ɗaura igiya a sama, aka yi mata baki ta wajen fili don ta faɗi can. Da ta fara ƙara, shi da kansa ya daga murya: "A kauda yara! A kauda yara!" Ta faɗi inda aka so, ko kaza ba ta taɓa ba. Ya jera iccen da hannunsa, kowane gungume da bisimilla.

Abu ɗaya ya ƙi. Gwaggonsa Fati, da ta zo daga Dumega ganin gida, ta ce masa, "Ɗana, a jingina gatari ga gindinta shi kwana, a yi ma masu wuri sallama su kwashe nasu. Haka munka iske ana yi."

Ya yi dariya. "Haba Gwaggo, har yanzu? Wannan ai aikin arna ne." Tsohuwa ta hau motar Dumega. In kunne ya ji, jiki ya tsira, amma Abdussalamu mutum ne da ba a gaya masa.

Tun daga magaribar da dutsen farko ya faɗo, gidan bai sake ganin daidai ba. Da rana lafiya lau. Amma da zarar an hura wutar tuwon dare, sai jifa. Wani lokaci a ji muryar mace bayan katanga, wajen kututturen tsamiyar, tana kiran wani suna da ba na mutane ba, a hankali, irin kiran uwar da ta gaji da kira. Mariama ta daina fita zagaye ita kaɗai. Abdussalamu ya sa karatu a waya, ya ƙure murya, jifan ya tsaya, karatun na ƙarewa ya dawo.

Sai abin ya koma kan Hidaya. Wani almuru ta faɗi a gaban murhu, ƙafarta ta hagu ta lanƙwashe ta ƙi miƙewa. An kai ta likita, an ɗauki hoto, ƙashi lafiya. Ƙafar kuwa kullum ƙara shanyewa take, yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya ta koma ja da gindi. Tsoro ya kama Abdussalamu, tsoro na gaske, har ya daina kallon matarsa a ido. Ya hau kabu-kabu zuwa Tibiri, ya ɗauko Malam Is'haƙa, dattijon da ya yi suna wajen ruƙiyya.

Sun iso rana na faɗuwa. Mariama ta ga baƙo mai daraja, ta ɗora babbar tukunya, ta jawo wani gungume mai kauri daga ƙasan tarin ta cusa bakinsa a wuta, ta shiga ɗaki ta riƙe kan ɗiyarta.

Malam ya zauna ya soma karatu, ba gaggawa. Gidan ya yi tsit, har awaki sun bar tuƙa. Can Hidaya ta buɗe ido, amma ba ita ke kallo ba. Muryar da ta fito ta babbar mace ce, a dushe.

"Bar ƙona ni, Malam. Ni anka zalunta."

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi komai ba. Tawa ma ba ta yi komai ba." Idanun suka juya kan Abdussalamu. "Na ji ka ran nan. A kauda yara, a kauda yara. Naka kaɗai ne yara? Na tafi ɗibar ruwa, na bar ɗiyata tana barci cikin kogon reshe. Kunka kada tsamiyar, ƙafar ɗiyata ta karye. Ka kwashe ta cikin icce, ka rufe da sunan Allah, ba ni iya kusanta. Kullum magariba ina tsaye ina kallo kuna zare icce ɗaya-ɗaya kuna kai wa wuta. Ƙafa a bakin ƙafa, Malam. In tawa ta ƙone, tasu ma ta tafi."

Mariama ta fashe da kuka. Malam ya ce, "Ba a ɗaukar alhakin uba a ɗora wa ɗiya, ke ma kin sani. Za a maida miki taki, ki sakar masa tasa."

"Shi zai ɗauko ta, da kafaɗarsa. Shi yi mini sallamar da ya hana ni."

"Na yarda," in ji Abdussalamu. "Wane gungume ne?"

Sai Hidaya ta ƙwalla ƙara, wannan karon da muryarta ta yara: "Zafi! Baba, zafi!" Daga tsakar gida kuma aka ji tari, ƙaramin tari na yaron da hayaƙi ya shaƙe.

Abdussalamu bai san lokacin da ya kai murhu ba. Ya hankaɗe tukunya, ya kama gungumen da hannu biyu ta inda wuta ke ci, ya fizgo shi, ya juye masa randa. Ga kogon nan a gefensa, ɗan rami da hannu zai shiga, saura kaɗan wuta ta kai. Ya saɓa shi a kafaɗa, fatar tafinsa na salewa. Nauyin ya wuce na icce. Yana tafe yana jin wani abu na numfashi daf da kunnensa.

A gaban kututturen ya durƙusa. Mutumin da ya yi wa gwaggonsa dariya ya ce, "Salamu alaikum, masu wuri. Ga amanarku. Ku yafe mini."

Ba a amsa ba. Gungumen dai ya yi sakayau a kafaɗarsa tun kafin ya sauke shi, ya ji sawu na nisa cikin ciyawa, sawun mai tafiya da goyo.

Da ya dawo ya tarar da Hidaya tsaye a ƙofar ɗaki da ƙafafunta biyu, tana cewa yunwa take ji. Ya miƙa hannu zai ɗauke ta, yatsun suka ƙi buɗewa. Har yau ba su gama buɗewa ba, Hidaya ce ke ɓalle masa maɓallin riga. Sauran iccen yana nan jikin katanga yadda ya jera shi, damina ta bi ta kansa ta sake bi, ko gara ba ta taɓa shi ba.