Bayani Daban, Aiki Daban

Tsakin Hajara ne ya sa Muttaka ya ɗago kai a cibiyar kwamfuta ta Ƙofar Kaura.

"Wane ƙazami ya rubuta wannan?" ta ce. Allonta ya cika da gargaɗi. Direban firinta take harhaɗawa, manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura. Bayanin da ke saman kowane sashe daban, abin da sashen ke yi daban.

"Ni ne ƙazamin," in ji Muttaka. "Na canza aikin, na manta bayanin."

"Tir! Ko kunya babu."

Ashraf, ɗan abokin babanta da ke nemanta, ya miƙo hannu ya danna umarni ɗaya. Gargaɗin ya ɓace.

"Kin gani? Na kashe shi."

Hajara ta yamutse fuska. "Turare ka fesa wa mushe."

Muttaka kuwa ya zauna yana gyara bayanan ɗaya bayan ɗaya. Da yamma saƙonsa ya shigo wayar Hajara: "Sarauniyar tsaki, ƙazaminki ya yi wanka. Babu gargaɗi ko ɗaya."

Ta amsa: "Ka turo manya in gani."

Nan aka samu matsala. Kawun Muttaka, Babaji, ya je ya gaya wa babanta, Alhaji Garba, wai yaron babban injiniya ne a kamfanin Turawa. Masu binciken aure suka tarar da shi a Gobarau yana gyaran firinta, gyaran direban firintar ma kyauta yake tura wa masu manhajar.

"Maƙaryata!" in ji Alhaji. "Ashraf zan ba."

Hajara ta tura wa Muttaka saƙo: "Kai ma bayaninka daban, aikinka daban. Ƙyamarka nake ji."

Sai lokacin Muttaka ya san abin da kawunsa ya yi. Ya je ya durƙusa gaban Alhaji, tawada duk a farcensa.

"Baba, na zo gyara bayani. Ni mai gyaran firinta ne."

Masu binciken Ashraf ma sun dawo, wai duk unguwa babu wanda ya faɗi aibinsa ko ɗaya. Ashe gida-gida ya bi yana roƙon a yi shiru.

"Wannan toshe bakin mutane ya yi," Alhaji ya ce, shi ma ya ja tsaki. Ya dubi Muttaka. "Tashi, ɗana."

Ranar ɗaurin aure, maroƙi ya fara: "Babban injiniyan Turai..."

Muttaka ya riƙo rigarsa. "Malam, gyara."

Da labarin ya kai wa amarya, ta yi dariya har da hawaye. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai gaskiya.