Zanen da Ya Zuba a Zagga

Hannunsa Raudatu ta fara gani kafin fuskarsa. Ranar kasuwar Illo ce, tana tsaron rumfar mahaifinta kafin ya dawo daga sallar azahar, atamfofin Benin jere a bayanta har rufi. Sai ga wani hannu, shuɗi har gwiwa, ya miƙo yana shafa bakin wani farin yadi.

"Kai malam, ɗauke hannunka kar ka ɓata muna kaya!"

Mai hannun ya yi dariya. "Ya bushe, 'yan mata. Tun ina yaro shike nan, sabulu ma ya gaji ya bar ni."

Ta ɗaga kai. Dogon saurayi ne mai sanyin ido, ya saɓo buhu cike da ɓawon albasa. Ta ce, "Wanga hwa? Akuya gare ka?"

"Rini za ni yi da shi."

Dariyar da ta yi masa a ranar, da wani ne ya sha ta, da bai sake bin layin masu atamfa ba. Shi kuwa Saifuddeen kasuwa ta gaba sai ga shi, wai ya zo duba farin yadi. Ta gaba ma haka. Har yadin ya san hannunsa.

Ɗan Malam Bunyaminu marini ne. A da, marinarsu da ke bayan gari cike take da ramukan rini, waɗanda ake ce wa karofi, tun hantsi ana jin ƙarar muciya da bugun zane. Yanzu atamfa mai araha da ke ƙetarowa daga Benin ta kashe kasuwar. Ramukan duk sun zama juji, saura guda ɗaya da tsohon ke lallaɓawa kamar majinyaci. Shi ya sa da wata ƙungiya ta kira bitar masu sana'ar hannu a Birnin Kebbi, Saifuddeen ya je. Can ya ga ana fitar da rawaya daga ɓawon albasa, ja daga karan dafi, ba tare da hodar kanti mai ƙona hannu da ɓata ruwa ba. Ya dawo da zuciya fal, yana ganin da wannan zai tashi marinar ubansa.

Raudatu ce kaɗai ba ta gajiya da jin wannan zance. Da yamma saƙonsa kan shigo:

"Raudata, yau rawayar ta fito kamar ƙwaiduwa. Da na gan ta sai na tuna da ke, don duk abin da ya yi kyau ke yake tuna mini."

Ita kuma ta mayar: "Mai Shuɗi, ni kake haɗawa da albasa? To na yafe. Allah ya sa albarka a hannun nan, ina sonsa a haka, kar ka wanke."

Soyayya ba ta ɓuya a gari irin Illo. Alhaji Ma'azu, mahaifinta, ya kira ta zaure, ƙanwarsa Gwaggo Barira na gefe tana taunar goro.

"Raudatu, mi nike ji? Ɗan marina?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, yaron kirki ne."

"Na san da hakan ga. Da ubanshi munka yi makarantar allo. Amma kirki ba ya cika tukunya, ɗiyata. Sana'arsu ta mutu, ni kaina ina cikin waɗanda sunka yi mata likkahwani. Ga Abdulrauf, kowane mako shina ƙetarawa Benin shi kawo kaya, ya aiko neman izni."

Gwaggo ta tofar da goro. Ita ce matar da duk lefen da aka kawo a dangi sai ta sa bakin zane a bakinta ta jiƙa da yawu, ta murza a farin kallabinta. In launi ya fito, an gama magana. Ta ce, "Yaya, bari shi yo muna zane da hannunshi mu gani. In ya yi, ya yi."

Saifuddeen ya ɗauki wannan magana kamar an ba shi aljanna. Ya sayi farar shadda, ya ɗaure ta da zare ƙulli-ƙulli, ya dafa ɓawon albasa, ya tsoma. A wajen bita an ce musu kafin a tsoma yadi sai an jiƙa shi a ruwan alif, farin dutsen nan da mata ke kwantar da laka da shi a randa, don launi ya kama. Amma shi ɗan karofi ne. Shuni ba ya neman alif, iska kawai yake sha ya zauna. Kuma tun yana goye yake jin Malam Bunyaminu na cewa rinin da bai taɓa jikin mai shi ba, ba rini ba ne. Manyan mutane da alfahari suke nuna shuɗin da rawani ya bari a goshinsu. Sai ya ga alif ɗin nan ƙa'idar 'yan boko ce kawai, ya tsallake.

Zanen ya fito da kyau, ba ƙarya. Da ya kai mata, Raudatu ta rungume shi a ƙirji tana ta godiya. Kamata ya yi ta miƙa wa Gwaggo. Amma ana bikin 'yar kawunta Bashira a Zagga, ita ce babbar ƙawa, kuma ta ƙagara duniya ta ga aikin masoyinta. Ta ba tela ya ɗinka mata a ɓoye, har da mayafi.

Ranar kai amarya kallo ya koma kanta. Mata na ta shafawa suna tambaya, "Wagga daga Kwatano ta hito?" Ita kuwa tana amsawa da ƙarfi, "Daga Illo, hannun Saifuddeen."

Damina ce. Suna kan babura za su gidan ango hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Raudatu ta rungume amarya ta lulluɓe ta da mayafinta don kar ta jiƙe. Da suka sauka aka buɗe, sai ido ya koma kan amarya. Farin leshin Bashira ya koma dabbare-dabbare, rawaya na bin hannun Raudatu har tana ɗiga a ƙasa. Amarya ta fashe da kuka. Dangin ango suka fito da wayoyi. Wata ta ce, "Ashe hannun Saifuddeen miyar albasa shike dahwawa!" Aka bushe da dariya.

Tana rawar sanyi a bayan ɗaki ta rubuta masa: "Saifuddeen, zanen ya zuba. Duk jikina, duk kayan amarya."

Shi kuma bawan Allah, yana can bakin karofi bai san wainar da ake toyawa ba, ya amsa da murna: "Alhamdu lillahi, ruhina! Haka rinin ƙwarai yake, sai ya taɓa jiki. Ki bar shi kowa ya gani."

Wannan saƙo ya fi dariyar matan Zagga yi mata ciwo. Ta kashe wayar.

Kafin ta iso gida hoton ya riga ta. 'Yan kasuwa suka raɗa mata Raudatu Mai Zuba. 'Yan matan da suka fara kai wa Saifuddeen yadi suka je suka karɓe abinsu fari. Abdulrauf ya zo zance da turmin atamfa mai tsada, ya ajiye a gabanta yana murmushi. "Wagga ko a kogin Kwara kinka faɗa da ita ba ta zuba." Ba ta taɓa ba. Gwaggo Barira kuwa cewa ta yi, "Da kin kawo mani, da yawuna kaɗai ya ishe shi kunya a cikin ɗaki. Kin kai shi ya sha ta gaban duniya."

Nan Raudatu ta gane laifin ba na mutum ɗaya ba ne, sai kuka ya dawo mata sabo.

Saƙonninsa suka yi ta taruwa. Na ƙarshe gajere ne: "Na ji abin da ya faru. An koya mini daidai, ni na ƙi bi. Na zubar da mutuncinki da na Baba. Ba na neman ki so ni, ki yafe kawai."

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta rubuta: "Mai Shuɗi, alif nawa ake sawa?"

Bai fahimci tambayar ba, amma ya faɗa mata.

Da aka matsa mata kan Abdulrauf, ba ta yi wa mahaifinta musu ba, ba ta kuma daina cin abinci don a gani ba. Ramewa kawai ta yi, ta daina dariya, rumfa ta yi shiru. Alhaji Ma'azu mutum ne mai taurin kai amma ba mugu ba. Ya aika aka kira Malam Bunyaminu da ɗansa.

"Malam, zan ba shi Raudatu. Amma da sharaɗi. Shi bar rini, shi zo shi tsaya mani a rumhwa. Ba ni ba da ɗiyata ga ramin da ba shi da gobe."

Saifuddeen ya buɗe baki, tsohon ya dafa gwiwarsa. "Mun karɓa, Alhaji. Allah shi saka."

A hanya ya ce, "Baba, karofin hwa? Ba ka iya juya muciya kai kaɗai."

"Na sani."

"To mi za a yi?"

"Abin da anka yi wa sauran."

Washegari da hantsi Saifuddeen ya same shi a marina da kwando, yana zuba ƙasa a ramin da kakansa ya haƙa. Ya karɓi kwandon don ya hutar da shi, hawaye na zuba, suka cike shi tare. Malam Bunyaminu ya jingina muciyar a jikin bango, bai sake waiwayarta ba.

Aka sa rana bayan kaka. Saifuddeen ya koma rumfa yana auna atamfar Benin, yana yi wa mata rantsuwa cewa ba ta zuba. Shuɗin hannunsa ya yi ta kwashewa, daga gwiwa zuwa wuyan hannu, daga nan zuwa farce, har ya tafi.

An ɗaura aure ranar Juma'a, aka yi addu'a, aka raba goro. Da aka zo fitar da amarya, sai ga ta lulluɓe da mayafi rawaya mai ƙulli-ƙulli. Mata suka fara zunguri juna. Gwaggo Barira ta tare ƙofa, ta kama bakin mayafin ta sa a baki, ta murza a farin kallabinta, ta sake murzawa da ƙarfi. Ta ɗaga kallabin sama. Fari tas.

"Wa ya rina wanga?"

Daga cikin lulluɓi murya ta ce, "Ni ce, Gwaggo. A tukunyar Inna."

Aka rangaɗa guɗa. Amma guɗa ba ta tone rami, kuma cikin masu guɗar babu wadda ta ce a rina mata. Kowacce atamfar Benin ce a jikinta.

Da safe Malam Bunyaminu ya shigo ya sa musu albarka: "Allah shi ba ku zaman lahiya da zuri'a ɗayyiba, shi sa ku ga abin da ban gani ba." Ya shafa mayafin da ke rataye a igiya, ya daɗe yana shafawa, sannan ya fita.

Raudatu ta kamo hannun mijinta ta juya shi ciki da baya. Fes yake kamar na ma'aikacin banki. Idonta ya ciko.

"Ba wanga hannu na gani a kasuwa ba."

"Shi na bayar na same ki, Raudata. Ban yi da-na-sani ba."

"Ni na yi."

Ta ja shi bayan ɗaki. Cikin kayan garar da aka kawo ta da su akwai wata tsohuwar tukunya, da ƙullin alif, da rabin buhun ɓawon albasa, da farin yadi. Tun asuba ta dafa, ruwan ya huce.

Ya ce, "Ba mai saye, kin sani. Kuma na yi wa Alhaji alkawari."

"Kai ka yi alkawari, ni ban yi ba. Riƙe mani bakin yadin kawai."

Ya riƙe. Ta tsoma, ta danna, sannan ta jawo hannunsa cikin tukunyar har wuyan hannu, ta riƙe shi a can ta ƙi saki.