Abin da Tsohuwar Dogon Kiriya Ta Faɗa

Afra'u ta miƙe daga bencin baya, ta nufi bango, ta fizge wayar majigi. Hoto ya ɗauke!

Ɗakin taron matasa na Dogon Dutsi ya yi tsit.

"Afra'u! Mi ke nan kika yi?" in ji Khalid, saurayinta, wanda ke haska fina-finai duk Asabar da la'asar.

Ba shi take kallo ba. Amira take harara, wadda suka yi karatu tare da Khalid a Yamai, tana zaune daf da shi, tun ɗazu tana raɗa masa Faransanci suna dariya.

Ta fice. Ya cim mata a bakin ƙofa.

"Masoyiya, tsaya mana..."

"Wata uku ina haƙuri! Tsohon fim baƙi da fari, ka ce shi ne na ƙwarai. Na Japan, na Italiya, mutum ya yini yana kallon teku bai ce uffan ba! In na yi hamma ka ce ban gane ba. Ita ta gane, ko?"

"Yau fa nawa ne, wanda na ɗauko a rugar Dogon Kiriya. Ita ta rubuta min fassara, shi ke nan."

"To ka aure ta!"

A gida, yayanta Ja'afar yana dawowa daga shago ya ce, "Da ma na faɗa, mai sinima ba mijin aure ba ne." Sai ga saƙon Amira a waya: hotonta da Khalid a bakin rijiya, ƙasa ta rubuta, "Mu masu fahimtar juna."

Kwana uku Afra'u tana kuka.

Ran na huɗu Khalid ya zo da ordinatarsa, wato kwamfuta, ya zauna a zaure.

"Ki kalla sau ɗaya, rabin raina. Fim ɗin gaskiya ya fi min kowane fim, don ba a sa wa mutum magana a baki."

Ta kalla tana tura baki. Wata tsohuwa ce ke magana da Fulfulde, yaren da Afra'u ta tashi da shi a gaban kakarta.

"Tsaya... mayar baya."

Ya mayar.

"An rubuta wai talauci ya kashe mutanen rugar. Ba haka ta ce ba! Cewa ta yi mijinta ya haƙa rijiyar nan, tun da ya rasu ba ta iya shan ruwan wata rijiyar."

Khalid ya ɗauko waya. Ya kira Amira a gabanta.

"Turawa kukan talauci suke son gani," in ji ta. "Gyara maka na yi."

Ya kashe wayar, idonsa jawur.

"Afra'u... ki gafarce ni. Ki fassara min shi tun daga farko."

Ja'afar, da ke tsaye bayan labule, ya share ido. Muryar kakarsu ya tuna. Bai sake sukar auren ba.

Bayan ɗaurin aure suka hau mota har Dogon Kiriya, suka nuna wa tsohuwar kanta a fim ɗin. Ta yi ta dariya, ta dubi Khalid, ta ce wani abu.

"Mi ta ce, amaryata?"

Afra'u ta ɗaure fuska, ta ja hannun rigarsa.

"Wai kana da kyau. Tashi mu tafi!"